Daga Hannun Wa Ka Karɓi Manhajar Nan?

A wannan makon ba za mu shiga aji ba. Za mu zauna ne a kan benci, a ƙofar shagon caji.

Duk wanda ya san garin Dutsi, ko Shargalle, ko wani gari a shiyyar Daura, ya san bencin da muke nufi. Janareta na ƙugi a gefe, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, mai shago kuma na gaban kwamfutarsa yana tura fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai. Da yamma in an tashi daga Islamiyya nan samari ke taruwa, kuma maganar da aka fi ji ita ce, "Buɗe Xender ɗinka in tura maka." Kafin ka ce kwabo manhaja ta tashi daga wannan waya ta faɗa waccan, ba a ƙona data ko ta naira ɗaya ba. Mu ma masu wannan rubutu, da yawa daga abin da ke cikin wayoyinmu ta haka muka same shi. Saboda haka ba wa'azin wanda bai taɓa yi ba za ku ji.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne abin da ya sami wani ƙaninmu ɗan ajin ƙarshe na sakandare, mai shirin jarrabawar JAMB. Ba shi da babbar waya, ta mahaifiyarsa yake ara da daddare ya yi bita. Wani abokinsa ya tura masa wata manhaja da aka ce tana ɗauke da tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, shi ma a wani zaure na WhatsApp ya tsince ta. Da ya ɗora ta, sai ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, ya danna ya yarda. Sai ta ce a biya naira 500 a buɗe sauran darussa. Ya roƙi mahaifiyar, ta miƙa masa katin bankinta, ya rubuta lambobin. Layin da ke cikin wayar shi ne wanda banki ke turo wa lambar tabbatarwa. Ya ba manhajar lambar kati da hannunsa, ita kuma ta karanta lambar tabbatarwa da kanta. Kashegari kuɗin adashin da baiwar Allah ta kwasa babu su.

"Yaya, wallahi ni karatu kawai na nufa," in ji shi, idanunsa sun kaɗa. "Inna ba ta yi mini faɗa ba, shi ya fi damuna."

Mun san gaskiya ya faɗa. Hukumar jarrabawa ba ta san da wannan manhaja ba, abokin da ya turo bai san abin da ke cikinta ba. Kowa ya miƙa wa na kusa da shi da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi wanda ya ƙera ta.

To sai wani malami da ya ji labarin ya ce mana, "Ai maganin abin shi ne a rufe ƙofar nan gaba ɗaya, kamar yadda masu iPhone suka yi." Wannan magana ta malam ita ce muhawarar da manyan kamfanoni da gwamnatoci da kotuna suka shekara da shekaru suna yi. Bari mu warware ta.

Kanti ɗaya, ko kasuwa?

Wayoyin zamani da ke hannun jama'a kusan duk gida biyu ne. Akwai iPhone ta kamfanin Apple, akwai kuma masu aiki da Android na kamfanin Google, wato su Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi, waɗanda su ne suka cika aljihunanmu. Kowane gida yana da kantinsa na manhajoji. Apple ya buɗe App Store a watan Yulin 2008. Google ya buɗe nasa a watan Oktoban shekarar da sunan Android Market, aka mayar da shi Google Play a 2012.

Bambancin yana ga ƙofa. Mai iPhone a Najeriya, kantin Apple kaɗai gare shi. Abin da Apple bai duba ya yarda da shi ba, ba zai hau wayarsa ba. Mai Android kuwa yana da kantin Google, yana iya samun wani kantin daban kamar Palm Store da ke zuwa a cikin Tecno da Infinix da itel, sannan yana iya karɓar manhaja kai tsaye a matsayin fayil, wanda ake kira APK, daga aboki ko daga shafin intanet. Wannan na ƙarshen shi muke kira ɗora manhaja ta ƙofar gefe, kuma shi ne aikin da Xender ke yi mana kullum.

In kuna son ku gane abin da kyau, ku tuna karar shanu ta kasuwar Mai'adua. Baƙo ba ya zuwa ya kama saniya ya biya ya tafi. Yana bi ta hannun dillali, dillali ya ci la'adarsa, amma shi ne ya san mai dabbar, shi za a nema in daga baya aka ce ta sata ce. Kantin manhajoji dillali ne. Yana duba kaya, yana riƙe sunan mai kaya, yana cin la'ada. Tsarin Apple shi ne a ce dillali ɗaya ne tak a duk kasuwar, kuma ba a ciniki sai ta hannunsa. Tsarin Android shi ne a ce ga babban dillali nan, amma in ka ga dama ka zagaya bayan kara ka yi cinikinka. In ka dace ka sami araha. In ba ka dace ba, ka jawo wa gidanku saniyar sata.

Abin da dillali ɗaya ke jawowa

Maganar malam tana da ƙamshin gaskiya. Da wayar Inna iPhone ce, fayil ɗin nan ba zai hau ba. Amma dillalin da ba shi da abokin gasa yakan yi abu biyu.

Na farko, yana yanka la'ada yadda ya so. Shekaru da yawa Apple da Google suna ɗaukar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na kuɗin da aka biya a cikin manhaja don sayen abin da ba na hannu ba, kamar darasi ko matakin wasa. A watan Agustan 2020 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya saka tasa hanyar biyan kuɗi don ya kauce wa la'adar. A ranar aka fitar da wasan daga kantunan biyu. Masu Android sun ci gaba da samunsa ta ƙofar gefe, masu iPhone kuwa sai haƙuri. Aka tafi kotu a Amurka, kuma a watan Disamban 2023 masu taya alƙali hukunci suka ce Google ya yi babakere a harkar kantinsa. Tarayyar Turai ma ta yi dokar da ta tilasta wa Apple, daga watan Maris na 2024, ya ƙyale wasu kantuna su shiga iPhone. Sai dai wannan dama ba ta iso Katsina ba.

Na biyu ya fi nauyi. In ƙofa ɗaya ce, duk wanda ya iya matsa wa mai gadi lamba ya rufe wa kowa. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN masu yawa daga kantinsa na ƙasar Sin, bisa dokar ƙasar. A watan Oktoban 2021 ya cire manhajar Quran Majeed daga kantin na Sin bayan hukumomin can sun nema. Mai iPhone a can ba shi da wata hanya mai sauƙi ta samo su. Mu da muka ga an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mun san cewa rufe ƙofa ba tatsuniya ba ce.

Abin da ƙofar gefe ta yi mana

Yanzu mu dawo kan bencinmu. Me ya sa muke tura wa juna manhaja maimakon kowa ya sauke tasa? Ba taurin kai ba ne. Data kuɗi ce, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, sai ta ƙara tsada. Ga sabis da ke zuwa yana ɗaukewa a ƙauyuka. Manhajar da ɗan birni ke saukewa yana shan shayi, ɗan ƙauye sai ya hau tudu ya ɗaga waya sama, ta kai rabi ta katse. Mutum ɗaya ya sauke ƙamus ko Alƙur'ani mai fassara ko manhajar lissafi, aji guda ya samu. Wannan taimakon juna ne irin wanda muka gada, kamar aron littafi.

Akwai kuma wani mai bautar ƙasa da aka taɓa turowa wata makaranta a yankinmu. Ya zauna da kwamfutarsa ya haɗa 'yar ƙaramar manhaja ta tambayoyin Kimiyya, har da bayani da Hausa a ƙarƙashin kowace amsa. Bai kai ta kowane kanti ba. Ya tura wa shugaban aji, shugaban aji ya tura wa sauran. Da tsarin Apple ne, sai ya yi rajista da dala 99 duk shekara, ya jira a duba a amince. Ko a kantin Google sai ya biya dala 25 sau ɗaya, a lokacin da bankuna da yawa suka hana katin naira biyan kuɗi a waje. Ƙofar da ɓarawo ya bi ya shiga wayar Inna, ita ce wadda malamin nan ya bi ya kawo wa ɗalibai ilimi. Wanda duk zai ce a toshe ta, sai ya faɗa mana ta inda malamin zai shigo. Ku kuma masu burin koyon haɗa manhaja, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ku sani aikinku na farko ta wannan ƙofa zai fara isa hannun abokanku.

Darasin masu ba da bashi

Akwai wani misali na gida da ya nuna fuskokin biyu a lokaci guda, wato manhajojin ba da bashi. Da yawanmu mun taɓa samun tes daga baƙuwar lamba ana cewa wane ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu. Yadda abin yake shi ne, manhajar na kwashe lambobin mutanen da ke wayar mai karɓar bashi, in ya yi jinkirin biya sai a bi danginsa da malamansa da surukansa da saƙon cin mutunci.

Abin lura shi ne, da yawan waɗannan manhajoji a cikin kantin Google suke zaune a lokacin. Ashe zama a kanti ba shaidar kirki ba ce. Amma da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta tashi tsaye, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma fito da tsarin rajista, sai aka sami wanda za a kama. An nemi Google ya cire masu laifi, kuma daga ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobin mutane da hotunansu. To ina waɗanda aka kora suka nufa? Hukumar da kanta ta yi gargaɗi a 2023 cewa wasu sun koma raba manhajarsu a matsayin fayil ɗin APK. Wato dillali ya kore su daga kara, sun koma bayan kasuwa suna kiran mutane da hannu.

Haka zancen yake ga WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, irin su GB, da samari ke so saboda ɓoye alamar an karanta saƙo ko ganin abin da aka goge. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, shi ya sa ba sa cikin kantin Google, kuma kamfanin ya sha faɗa cewa yana iya rufe layin mai amfani da su. Ka yi tunani: hirarka da mahaifiyarka, hotunan ƙannenka mata, takardun makarantarka, duk suna bi ta cikin manhajar da ba ka san sunan wanda ya taɓa ta ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ke tafe

Ƙofar gefen ma ta fara samun mai gadi. A watan Agustan 2025 Google ya sanar da cewa zai buƙaci duk mai haɗa manhajar Android ya tabbatar da ko shi wane ne, ko da ba ta kantinsa zai raba ta ba. Jadawalin da ya fitar ya ce za a fara da Burazil da Indunusiya da Singafo da Tailan a watan Satumban 2026, sauran duniya kuma daga 2027. Masu goyon baya sun ce ɓarawon da aka san sunansa ba ya sakewa. Masu adawa sun ce wannan mayar da Android gidan Apple ne a hankali. Bayan ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya ce zai yi wa ɗalibai da masu koyo rajista mai sauƙi, zai kuma bar wata hanya ga wanda ya san abin da yake yi. Za mu ci gaba da bibiya, domin abin zai iso har bencinmu.

Matsayinmu

Ba ma goyon bayan a toshe ƙofa, domin mu ne za mu fi kowa asara. Ba ma kuma goyon bayan cinikin biri a sama. In ka zagaye dillali, to aikin dillali ya dawo kanka: kai za ka binciki mai kaya. Ga abin da muka ɗaukar wa kanmu, muna kuma roƙon ku ɗauka:

Ɗaya, duk manhajar da ta shafi kuɗi, ta banki ce ko ta aika kuɗi ko ta bashi, daga kanti kawai. Ba ta Xender ba, ba ta zauren WhatsApp ko Telegram ba, ko da ɗan uwanka ne ya turo. A kantin ma ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar.

Biyu, ka auna izinin da manhaja ke nema da aikin da ta ce tana yi. Me ya haɗa tambayoyin jarrabawa da saƙonnin tes? Me ya haɗa tocila da lambobin mutane? In ta nace, goge ta.

Uku, kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya yi ta, kamar lambar da makiyayi ke yi wa dabbarsa. In wani ya buɗe ta ya yi mata ƙari, hatimin ya canza, waya kuma ba za ta yarda ta hau kan ta asali ba. Don haka in an ce maka sai ka goge ta gaskiya kafin wannan ta hau, ka tsaya ka yi tambaya.

Huɗu, in ka gama karɓar abin da ka yarda da shi, ka mayar da ƙofa ka rufe. A cikin saitin waya akwai inda aka rubuta "Install unknown apps". Ka shiga ka kashe wa duk manhajar da ba ka buƙatar ta riƙa ɗora maka wasu. Ka kuma bar Play Protect a kunne, shi ne ke duba manhajojin wayarka har da waɗanda suka shigo ta gefe. In ya yi gargaɗi, kada ka ce mai shago ya ce ba komai.

Biyar, wayar da ke ɗauke da layin banki na Baba ko Inna ba wurin gwaji ba ce. In aro ka yi, ka mayar da ita yadda ka karɓa.

Shida, in tsautsayi ya faɗa, kada kunya ta sa ka yi shiru. A kashe data, a faɗa wa babba, a kira banki a rufe kati tun kafin gari ya waye. Ƙaninmu ya kwana da zargi a ransa bai faɗa ba, daren nan kuwa shi ne damar da ɓarawo yake buƙata.

Muna kuma da magana da yayyenmu masu shagon caji da masu gyaran waya. A garuruwanmu ku ne kantin manhajoji na gaskiya, ku yara suka yarda da ku. Abin da kuke turawa, ku san inda kuka samo shi. Amana ce.

Ƙanin namu ya koma bita, yanzu da littafin tambayoyi na takarda da wata manhaja da malaminsu ya duba da kansa. Ya ce in Allah Ya ba shi gurbi, kwamfuta zai karanta, kuma kuɗin farko da zai samu na Inna ne. Allah Ya cika masa buri.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya buɗe wayarsa, ko wadda yake ara, ya ƙirga manhajojin da ke ciki. Nawa ne ka san wanda ya yi su? Nawa ne ba ka tuna ma wanda ya tura maka ba? Ku rubuto mana abin da kuka gani, tare da sunan makarantarku, za mu kawo wasu daga cikin amsoshin a fitowa ta gaba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.